Tiramol da kodin: laifin mai sha ne ko laifin mu duka? Tambayoyi da amsoshi

Tunda mutane suka san ƙanina ya yi shekara huɗu yana shan tiramol kafin Allah ya sa ya fita, ban huta da tambaya ba. Wani a wajen ɗaurin aure zai ja ni gefe, wata uwa aikowa za ta yi a kira ni har gida kuma sai an rufe ƙofa kafin ta fara magana. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su a nan, amsar kuma daga abin da na gani ne da idona da wanda na koya wajen likitoci a zaryar asibiti da wanda na bi na karanta.

Wai me ya haɗa tiramol da kodin? Wannan ai na tari ne, wancan na ciwon jiki

Dangi ɗaya ne. Kakansu shi ne ofiyom, wani ƙaro da ake tatsa daga furen da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan da Miyanma, daga cikinsa ake cire mofin da kodin, daga mofin kuma ake yin hiroyin. Su tiramol da allurar fenta (wato fentazosin) da fentanil da tafentadol a masana'anta ake haɗa su, amma in sun shiga jiki ƙofa ɗaya suke bugawa a ƙwaƙwalwa, wato wurin da jiki da kansa yake amfani da shi wajen rage raɗaɗi da sa mutum jin natsuwa. Kodin ma in ka sha hantarka ce take juya wani ɓangarensa ya koma mofin, wato mai riƙe da kwalbar sirob ɗin nan mofin yake sha a fakaice ko bai sani ba.

Tiramol a Jamus aka ƙirƙire shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977, kuma magani ne na gaske mai amfani in likita ya rubuta. Wanda aka amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma iyakar abin da ake bai wa babban mutum a rana guda 400 ne. Wanda yake yawo a tasha da bakin kasuwa mai 200 ne da 225 da 250, to ka lissafa, ƙwaya biyu kawai ta 225 ta wuce iyakar yini guda, alhali akwai masu watsa biyar ko shida da safe kafin su karya. Shi ya sa ake yawan ganin yaro ya yanke jiki ya faɗi yana farfaɗiya kuma ba a taɓa saninsa da ita ba, tiramol yana jawo ta in ya yi yawa.

Wiwi da sholisho da ƙwayoyin sa barci irin su roci da diyazefam ba 'yan wannan gidan ba ne. Amma haɗa tiramol ko kodin da roci ko diyazefam ko giya shi ne ya fi saurin kisa, saboda dukansu numfashi suke dannewa.

In da gaske yana so ya daina ai zai daina, me zai hana shi?

Ni ma haka na ce shekara biyu cur, har sai da na kwana ɗaki ɗaya da shi a ranar da ya yi rantsuwa da Alƙur'ani ya bari. Yini na farko hamma ce da hawaye da majina kamar mai mura. Dare na biyu gumi ya jiƙa katifa kuma yana rawar sanyi, ga zawo ga amai, ƙafafunsa ba sa tsayawa waje ɗaya, yana ce min Yaya ƙashina ake sarawa, ya tashi ya zauna ya kwanta ya sake tashi har aka kira assalatu bai rintsa ba. Kwana na uku da la'asar ya fita wai zai sha iska, ya dawo lafiya lau yana murmushi, a nan na gane ya sha, kuma a nan na gane abin ya wuce maganar rashin kunya ko taurin kai.

Abin da ke faruwa shi ne in kana zuba wa ƙwaƙwalwa wannan abu kullum sai ta saba, ta rage nata aikin, ƙwaya ɗaya da take yi maka aiki da farko sai ta koma biyu sai huɗu. Daga wani lokaci kuma ba don daɗi kake sha ba, sha kake don kawai ka iya tashi ka yi wanka kamar kowa. Ciwon jikin nan yakan fara cikin yini guda da bari, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa wajen mako ɗaya. Na tiramol ma yana da ƙari saboda yana taɓa sinadaran da magungunan ciwon damuwa suke taɓawa, sai ka ga firgici da ruɗewa wani har ya riƙa jin maganganu. Kuma wannan makon shi ne mai sauƙin, mai wuyar shi ne watannin da ke biye, rashin barci da rashin jin daɗin komai da kwaɗayin da yake tasowa da ya ga tsohon aboki ko ya bi ta tsohon layi.

Me yake jefa mutane ciki tun farko?

Mutane sun fi son amsar da ta ce abokan banza, kuma gaskiya ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ba ita kaɗai ba ce kuma a wajen tiramol ma ban ce ita ce babba ba. Ƙanina a gidan bulo ya fara. Ana biyansu ne da yawan buhun siminti da suka buga, ya dawo gida bayansa kamar zai tsinke, wani da ya girme shi a aikin ya ce je ka kemis ka ce a ba ka maganin gajiya, aka haɗa masa a 'yar leda babu takardar likita babu tambaya. Washegari ya buga abin da bai taɓa bugawa ba ya samu kuɗin da bai taɓa samu ba. Ka gaya min yaro ɗan shekara 19 da zai ga haka ya ce a'a. Irinsa ne 'yan dako da 'yan ga-ruwa da masu Adaidaita Sahu da 'yan acaba da direbobin doguwar tafiya da masu haƙar zinare da 'yan ƙwadago a gona lokacin damina, a Nijar ma 'yan kabu-kabu haka, mutanen da jikinsu shi ne jarinsu kuma ranar da suka kwanta ba a ɗora tukunya.

Akwai waɗanda ciwo na gaske ya kai su. Masu sikila su ne suka fi ba ni tausayi, ciwon yana tashi cikin dare, asibiti da nisa ga layi ga kuɗi, sai a koya wa mutum yin allurar fenta da kansa a gida, shekara biyu sai ka ga cinyoyi da damatsa duk gyambo kuma ba ya iya yini babu ita ko ciwon bai tashi ba. Akwai wanda haɗarin mota ya karya, aka sallame shi da magani ba a gaya masa yaushe zai tsaya ba. Akwai kuma angwaye da magidanta da aka ce musu maganin maza ne yana sa a daɗe, wannan ba a faɗinsa a fili amma yana da yawa sosai.

Ɓangaren mata kuma kodin ya fi shiga, saboda ba shi da wari ba shi da hayaƙi, a juye a robar lemo a sha a tsakar gida ba wanda ya sani. In ka zauna ka saurari labarinsu da wuya ka ji wadda ta fara don nishaɗi kawai, za ka ji auren da ba ta so, ko kishiya, ko miji da ba ya kwana a gida, ko saki da 'ya'ya uku a hannu, ko wani abu da aka yi mata tana ƙarama da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ƙawa ta ce sha wannan za ki samu barci. A wajenmu babu inda mace za ta je ta ce raina a ɓace yake wata shida ba na barci a saurare ta ba tare da an ce ta cika ƙorafi ko aljanu ne ba.

Sai gado. Masu bincike sun nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da jaraba yana bin jini, shi ya sa abokai biyar za su fara tare, uku su watsar, biyu su nutse. Sai kuma 'yan siyasar da suke saya wa yara ƙwaya da buhu lokacin kamfe don su yi musu jagaliya, an gama zaɓe su sun tafi ofis, unguwa kuma an bar ta da yaran.

Abin ya kai yadda ake faɗa kuwa?

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 irin su tiramol suka sha ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Jihar Kano kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya kenan. Wani abu da ba a cika faɗa ba, Arewa maso Yamma kashi 12 take da shi, Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4, don haka masu cewa wannan ciwon Bahaushe ne su sake duba. Maganar kwalba miliyan 3 a kullum a Kano da Jigawa da ake ta maimaitawa daga Majalisar Dattawa ta fito a 2017, ƙiyasi ne ba ƙidaya ba.

Malam, ba wanda ya danne shi ya ɗura masa. Da hannunsa ya saya da bakinsa ya sha, don me za a ce laifin al'umma?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kawo musu, kuma mai yinta yana da gaskiyarsa, ba zan ce ba shi da ita ba. Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ni abin da ya warware min ita hadisin nan ne da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya la'anci mutum goma a kan giya: mai matsa ta, da wanda aka matsa dominsa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Ka ƙirga da kyau, mai sha yana ciki ba a cire shi ba, amma mutum ɗaya ne cikin goma. Mu kuma mun ɗauki duk la'anar goman mun jibga wa yaron da yake layi a bakin kwata, shi kuwa wanda ya shigo da kwantena yana sahun gaba a masallaci ana Alhaji an iso lafiya, in ana ginin Islamiyya ma shi ake fara kai wa takarda.

Akwai wani abu da ya faru a Amurka da yake nuna ƙarfin muhalli. A lokacin yaƙin Biyetnam, wajen 1971, kusan soja ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojinsu ya kamu da hiroyin a can, saboda tana da araha tana ko'ina ga tsoro ga kewar gida. Hukumomi suka tsorata cewa za a dawo musu da dubban 'yan ƙwaya. Wata mai bincike Lee Robins ta bi sawunsu bayan sun koma gida, sai ta tarar a shekarar farko kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake komawa jarabar, cikin shekara uku kuma wajen kashi 12. Mutanen dai su ne, halinsu bai canza a jirgi ba, abin da ya canza shi ne babu yaƙin, babu dilan a bakin sansani, ga iyali ga aiki. To namu yaron in an sallame shi daga asibiti ina yake komawa? Layin nan dai, kemis ɗin nan dai, rashin aikin nan dai, majalisar nan dai.

To kenan shi ba shi da laifi, mu zuba masa ido?

A'a wallahi, kuma wannan kuskuren ya fi kama masu tausayi. Alhaki ba tuwo ba ne da in ka ƙara wa wani sai na wani ya ragu, dila ya ɗauki nasa cikakke mai sha ma ya ɗauki nasa cikakke. Ƙanina ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarmu, ƙwaya ce ta tura shi amma shi ya ɗauka ya kai kasuwa, kuma bayan ya warke sai da ya biya a hankali a hankali, ni na tsaya a kan haka duk da Inna ta ce ta yafe, kuma daga baya shi da kansa ya ce biyan nan yana cikin abin da ya dawo masa da mutuncinsa a idon kansa. Wanda ya tuƙa mota a buge ya kaɗe yaro ba za a ce wa iyayen yaron su je su kama kamfanin Indiya ba.

Yadda na fahimce shi, ƙwayar farko zaɓi ne duk da sau da yawa zaɓin jahilci ne, ta ɗari biyar kuma zaɓin ya ƙanƙance sosai amma bai mutu ba. Mutum ba zai iya hana jikinsa kwaɗayi ba, amma zai iya cewa ku kai ni asibiti, zai iya goge lambar dila, zai iya faɗin gaskiya ranar da ya zame. Wannan ɗan guntun da ya rage nasa ne, ba gwamna ba malami ba uwa da za ta ɗauke masa. Kuma dubi yadda Annabi (SAW) ya haɗa biyun, a Bukhari akwai mutumin da aka sha kawowa saboda giya ana yi masa hukunci, wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Daga ina kayan nan suke shigowa, kuma ba an hana kodin ba?

An hana. Ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da rahoton da ya nuna ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da katan-katan na sirob ta bayan fage, washegari 1 ga Mayu ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci, ɗaya a Legas biyu a Ilori. Abin da ya dame ni shi ne shekaru iyaye a Kano suna kuka, sai da kyamarar waje ta zo aka motsa cikin kwana ɗaya. Hanin ya rage shi a kantuna, kwalba ta yi tsada sosai, amma ba a tanadi komai ba domin miliyoyin da suka riga suka kamu, sai wasu suka koma fasa-ƙwauri wasu suka koma abin da ya fi arha ya fi haɗari.

Tiramol mai ƙarfin nan yawancinsa daga Indiya yake zuwa cikin kwantena, ta tashoshin ruwan Legas da Onne da Kwatano da Lome, wani ya tsaya nan wani ya haura Nijar har Libiya, kuma mayaƙan Boko Haram ma an sha kama shi a hannunsu. A 2018 Indiya ta ƙara tsaurara dokar fitar da shi, sai 'yan kasuwar suka canza salo. A Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Mumbai mai suna Aveo yana haɗa tafentadol da wani maganin sakin jijiya, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi, ana turo shi Najeriya da Gana da Kwaddibuwa da sunaye irin su Tafrodol, har mutanen garin Tamale na Gana suka kafa 'yan sa-kai suna bi suna ƙwacewa. Bayan rahoton ne Indiya ta hana. Yaron da yake saye a tasha yana cewa a ba shi tiramol, bai ma san abin da ke cikin katin ya canza ba.

A gida kuma matsalar ita ce magani ana sayar da shi kamar tumatir. A Fabrairun 2024 an rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Gari da kewaye a Kano don a tilasta musu komawa sabuwar cibiyar Dangwauro inda za a iya sa ido, mataki ne mai kyau a ganina, amma mai tallan magani a faranti da mai kemis ɗin lungu da bai taɓa shiga ajin haɗa magunguna ba suna nan.

Ai talauci ne da rashin ilimi, ƙasashen da suka ci gaba ba su da wannan

Su ma suna da shi. A 1996 kamfanin Purdue Pharma na iyalan Sackler ya fito da OxyContin, wani maganin ciwo ɗan wannan dangin, a Amurka, ya baza wakilai suna gaya wa likitoci cewa da wuya ya kama mutum, likitoci suka yi ta rubutawa masu ciwon baya da ma'aikatan ma'adinai a yankuna irin su Yammacin Bajiniya. Kamfanin ya amsa laifin yaudara a kotu a 2007 aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600, ya sake amsa wani laifin a 2020. Da aka matse ƙwayar sai waɗanda suka kamu suka koma hiroyin, daga nan fentanil wadda ta ninka hiroyin ƙarfi kusan sau 50, har a 2021 da 2022 mutum sama da dubu 100 suke mutuwa duk shekara saboda ƙwaya ta yi musu yawa, mafi yawansu ta wannan dangin. Mutanen nan da yawansu takardar likita suka bi, ba majalisar banza ba. In Amurkawa ba su lalace gaba ɗaya a 1996 ba, to abin da ya canza shi ne yawan kayan da kuma ƙaryar da aka yi a kansu.

Ɗana ne, na yi iya ƙoƙarina a tarbiyya, ni ce na gaza?

Mama, na ga ɗan limami a ciki, na ga ɗan farfesa, na ga mahaddacin Alƙur'ani, kuma na ga gidan da ba a kula da yara sam amma ba wanda ya taɓa ko sigari. Tarbiyya tana rage haɗari ba ta kawar da shi. In akwai inda iyaye suke kuskure to ya fi yawa bayan an gane, ba kafin ba, wato ɓoyewa don kar a ji a dangi a fasa auren ƙannensa, sai a yi shekara uku ana rufa-rufa abin yana ƙara nisa. Sai kuma ɗayan gefen, a yi masa baki a kore shi, to in kin kore shi ɗakin dila ne kawai a buɗe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki daina ba shi kuɗi a hannu, ki ba shi abinci, ki kulle abin da zai iya ɗauka, ki samu mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, kawu ko wani malaminsa, a yi masa magana da safe lokacin da yake cikin hankalinsa ba lokacin da ya yi caji ba. Kuma don Allah kar a yi masa aure wai zai natsu, 'yar mutane ba asibiti ba ce.

Mu kai shi gidan mari ko asibiti? Wasu sun ce ruƙiyya ta isa

Addu'a ba a barinta, mu ma mun yi kuma muna yi, amma a haɗa da magani. Gidan mari kuwa ban ba da shawara ba ko kaɗan. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sasari a ƙafa da tabon duka, bayan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, rasa yadda za su yi suka yi, kuma wannan ma laifin hukuma ne, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairun 2023 aka sa wa sabuwa hannu a madadin ta 1958. Sarƙa tana hana ƙwaya shiga baki na wata shida, ba ta taɓa dalilin sha, yaro ya fito da ƙiyayyar iyayensa a kan jarabarsa.

Wuraren da za a nufa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri, NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da layin kira kyauta 0800 1020 3040. Zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne. Likita zai iya rage masa a hankali ko ya ba shi abin da zai sassauta makon farko, ya duba ko akwai ciwon damuwa ko wani ciwon jiki a ƙasa, don in ba a magance bayan da ke ciwo ba gidan jiya za a koma. Ga masu hiroyin da allura akwai magunguna irin su metadon da aka tabbatar suna rage mutuwa da kusan rabi, sai dai samunsu a nan yana da wuya ƙwarai.

Ba gara a riƙa kashe dillalai ba kowa ya huta?

Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa a Mayun 2024, daga baya da aka daidaita da ta Wakilai aka tsaya a ɗaurin rai da rai. Ni damuwata ba girman hukuncin ba ce, wa ake kamawa. Mai sayar da kati biyu a lungu sau da yawa shi ma mai sha ne yana sayarwa don ya samu nasa, in ka ɗaure shi gobe wani ya gaje wurin. Kwantena kuwa ba ta tsallake tashar ruwa da shingaye goma sha har Kano sai da sa hannun masu babbar riga. Kuma a kula kar garin hani a hana masu buƙata, yanzu haka akwai masu ciwon daji a asibitocinmu da suke mutuwa cikin azaba saboda mofin na halal yana wuyar samu.

Ya daina wata biyar ya koma. Kuma in na same shi a sume me zan yi?

Komawa tana faruwa, ƙanina sai a karo na uku ya tsaya, yanzu shekararsa uku yana gyaran waya kuma har yau ba ya bin layin gidan bulon nan, zagayawa yake yi. Kar a ce duk wahalar ta tashi a banza, a koma wajen likita a satin, a tambaye shi me ya faru a ranar, wa ya gani, me aka ce masa. Amma ku san wannan lokacin shi ne mafi haɗari, saboda jikinsa ya manta sabon da ya yi, in ya sha adadin da yake sha a da zai iya kashe shi, haka wanda ya fito daga gidan yari ko gidan mari. Ku gaya masa wannan ƙarara tun kafin ya zame.

In kun same shi ba ya amsa kira, numfashi sama-sama ko wani irin minshari mai nauyi, leɓe ya yi duhu ko toka-toka, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, to ba barci yake ba kar a ce a bar shi ya huce. Kar a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota nan take, in farfaɗiya yake a janye abin da zai buge shi kuma kar a tura masa cokali a baki. A tafi da katin ƙwayar ko kwalbar da aka gani kusa da shi, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha ba tare da jin kunya ba, akwai allura mai suna nalokzon da take karya ƙarfin wannan dangin cikin mintuna, ku ambace ta da suna. Ko ya farfaɗo a hanya a ƙarasa asibitin, don ƙarfin ƙwayar yana iya sake danne numfashinsa bayan awa ɗaya ko biyu.